Kafin Ka Kira Mai Gyaran Dish: Abubuwan Da Na Koya Lokacin Da Aka Ɗauke Mana Sabis

Yau zan ɗan ajiye labarin jarumai da mawaƙa, in yi magana a kan abin da ke raba mu da kallon su, wato wannan rubutun da ke fitowa a fuskar talabijin ana tsaka da shiri: "No Signal".

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba za su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. A tsakanin nan ne kuma aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana sayar da fetur a jarka. Babu kira, babu WhatsApp, babu YouTube. Masu bibiyar Izzar So a Bakori TV sai dai su jira wani ya dawo daga tafiya da sabon fitowa a wayarsa. Abin da ya rage mana shi ne rediyo da dish, domin dish ba ruwansa da ƙarfen sabis, kai-tsaye yake ɗauko hoto daga tauraron ɗan Adam. A watannin nan talabijin ta wuce abin nishaɗi. Ta nan muke ganin labarai, ta nan muke jin abin da ake faɗa a kan yankinmu.

To a irin wannan hali ne namu dish ɗin ya ɗauke, a daren da ake saka Daɗin Kowa, tsakar gida cike da yaran maƙwabta. Babu halin kiran mai gyara. Na taka har gidansa, aka ce ya tafi Funtuwa sayen kaya, ba a san ranar dawowa ba. Washegari na ɗauko tsani na duba da kaina. Ashe ruwan sama ne ya shiga bakin wayar da ke manne da kan dish, ya yi tsatsa. Na yanke wurin, na sake ɗaurawa, hoto ya dawo. Abin da ya ba ni haushi shi ne, shekara guda kafin nan an taɓa yin irin haka, wani mai gyara ya ce min risiba ce ta ƙone, na sayi sabuwa. Da na jona tsohuwar daga baya, lafiyarta ƙalau.

Tun daga nan na sa kaina koyon abin. Abin da na gane shi ne, yawancin matsalar da ke hana mu kallo ƙarama ce, kuma mai gida ko uwargida za su iya gano ta idan suka bi abin daki-daki, daga ɗaki zuwa waje, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Yadda hoton ke zuwa

Sai ka san hanyar da abu ke bi kafin ka san inda ya maƙale. Tauraron da ke aiko mana tashoshi yana can sama wajen kilomita 36,000, yana juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum yake wuri ɗaya a wurinmu. Kwanon dish yana tattara siginar ya haska ta kan ɗan abin nan da ke ƙarshen hannun ƙarfe, wanda masu gyara ke kira LNB. Daga nan waya ta kawo ta cikin risiba, risiba ta mayar da ita hoto da murya, ta miƙa wa talabijin. Ke nan wurare biyar ne: kwano, LNB, waya, risiba, talabijin. Na shida shi ne wuta, wadda ita ce uwar kowa.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: LNB ɗin nan da wuta yake aiki, kuma risiba ce ke tura masa ita ta cikin wayar dish, bolt 13 ko 18. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Fara daga cikin ɗaki

Kwanaki Gwaggona da ke Sabuwa ta kira ni, rai a ɓace. "Kai ɗan nan, talabijin ɗin nan ta mutu. Kwana uku ke nan ba mu ga Gari Ya Waye ba." Na ce, "Gwaggo, idan kin danna maɓallin da ke fito da jerin tashoshi a rimot ɗin risiba, suna fitowa?" Ta ce babu komai, sai shuɗin allo. Na ce a ba ni jikanta. Na sa shi ya ɗauki rimot ɗin talabijin, ya danna inda aka rubuta Source, ya mayar AV. Nan take na jiyo shewar yara ta waya. Wani ne cikinsu ya danne maɓallin yana wasa.

Wannan shi ne gwaji na farko, domin "No Signal" iri biyu ne. Akwai wanda talabijin ke rubutawa idan ba ta ganin risiba, akwai wanda risiba ke rubutawa idan ba ta ganin tauraro. Danna Menu a rimot ɗin risiba. Idan jerin saituna ya fito, tsakanin risiba da talabijin lafiya lau, matsalar tana wajen dish. Idan bai fito ba, kada ma ka wahalar da kanka da hawa tsani. Duba ko talabijin tana kan AV ko HDMI ɗin da ya dace. Duba wayoyin nan uku masu launi: rawaya ta hoto ce, fara da ja na murya. Idan akwai murya babu hoto, rawayar ce ta saki ko ta lalace. Idan HDMI ce, zare ta ka mayar, ko ka gwada wani ramin.

Sai wuta. A garuruwanmu yawanci sola ce ko janareta, kuma duk biyun suna da halinsu. Idan risiba tana mutuwa tana tashi da kanta, musamman bayan Isha'i lokacin da batir ya fara sauka, to wuta ce ba ta ishe ta ba. Haka idan an kunna injin niƙa ko firiza a layi ɗaya. Risibobi ƙanana masu amfani da adafta ta bolt 12, sau da yawa adaftar ce ke gajiya. Za ka ga fitila tana ci, ka ɗauka komai lafiya, amma ba ta da ƙarfin da za ta ciyar da LNB. Aro ta maƙwabci mai lamba iri ɗaya ka gwada kafin ka yanke wa risiba hukunci.

Kuma don Allah a daina lulluɓe risiba da ƙyalle tana aiki. Na san ƙurar hunturu ce ake gudu, amma a zafin Maris da Afrilu, risibar da ba ta shan iska za ta riƙa daskarewa. A rufe ta idan an kashe, a buɗe idan an kunna.

Layuka biyu da ke faɗa maka gaskiya

Idan ka danna Info a rimot, wasu risibobin sai an danna sau biyu, za ka ga layuka biyu masu lamba. Na sama ƙarfin sigina ne, na ƙasa ingancinta. Masu gyara da su suke aiki, kuma babu wani sirri a ciki.

Idan duka biyun sifiri ne, risiba ba ta ma jin LNB ɗin. Ko waya ta yanke, ko baki ya saki, ko LNB ya mutu, ko kuma an kashe wutar LNB a cikin saituna. Idan na sama yana da yawa amma na ƙasa sifiri ne, waya da LNB suna aiki, sai dai kwano ba ya kallon tauraron, ko lambobin tashar sun canza. Idan kuwa na ƙasa yana hawa yana sauka, hoto yana karyewa gida-gida, murya tana sarƙewa, to kwano ya ɗan goce, ko ruwa ya shiga waya, ko wani abu ya tare gaba.

Ingancin shi ne abin dubawa. Na sha ganin mutum yana cewa ai siginata ta kai 90, alhali ƙarfi yake kallo. Ƙarfi ba ya kawo hoto shi kaɗai.

Tambaya ta gaba: duk tashoshi ne suka tafi, ko ɗaya ce? Idan Arewa24 ce kawai ta ɗauke sauran suna nan, kada ka taɓa dish. Ko dai tashar ce ke da matsala daga can, ko ta sauya mita. Leƙa gidan maƙwabci. Idan shi ma babu, sai haƙuri, ko a sa risiba ta sake laluben tashoshi, abin da ake rubutawa Blind Scan. Idan kuma kusan rabin tashoshi ne suka ɓace rabi suna nan, ka tuna da bolt 13 da 18 ɗin nan. Tashoshin da ke da alamar V da 13 suke aiki, masu alamar H da 18. Idan adafta ta yi sanyi, ko waya ta yi tsawo ga gaɓa-gaɓa, sai 18 ta kasa kaiwa, masu H su tafi. Wani lokacin kuma LNB ne ya fara mutuwa ta gefe ɗaya.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada a danna Factory Reset don an ga hoto ya ɗauke. Yana share tashoshi da duk saitin da mai gyara ya yi. Ciwon kai ɗaya sai ya zama biyu. Idan ma wani ya riga ya danna, a duba saitin LNB, yawancin namu a kan 9750/10600 suke, kuma wutar LNB ta kasance a kunne.

Masu dikodar biya, ku lura da lambar da ke fitowa. A DStv da GOtv, E48-32 na nufin babu sigina, wannan duk abin da nake faɗa ya shafe shi. E16 kuwa maganar kuɗi ce, ko wa'adi ya ƙare ko tashar ba ta cikin tsarin da ka biya. Juya dish ba zai buɗe ta ba. Haka a risibar kyauta, idan aka rubuta Scrambled, tashar a kulle take. Lokacin da aka rufe layuka, masu biya ta waya sun sha wuya wajen sabuntawa, shi ya sa gidaje da yawa suka koma ajiye risibar kyauta a gefe, ko da akwai ta biya.

Waya: inda matsala ta fi ɓuya

In da za a tambaye ni wuri ɗaya da ya fi ba mu wahala, zan ce waya. Bi ta da hannu tun daga bayan risiba har kan dish. Duba inda ƙofa ko taga ke datse ta, inda ta goga da bakin kwanon rufi, inda rana ta busar da robar ta tsattsage, inda ɓera ko akuya suka taɓa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ruwa yake yi wa wayar dish. Da zarar ya shiga, yana bin cikinta a hankali yana cinye ta.

Kafin ka kwance ko ka ɗaura bakin waya, kashe risiba daga soket. Akwai wuta a ciki, kuma idan siririn ƙarfen tsakiya ya haɗu da gashin wayar da ke kewaye da shi, risiba na iya lalacewa. Wasu risibobin suna rubuta gargaɗi, wasu kuwa shiru kawai za ka ji. Idan za ka sake ɗaura baki, fere robar waje kaɗan, mayar da gashin baya, bar ƙarfen tsakiya ya fito kamar tsawon farce, ka tabbata ko silin gashi ɗaya bai taɓa shi ba. Idan ƙarfen ya yi baƙi ko kore, yanke har sai ka kai inda yake ja yana sheƙi. Bayan ka ɗaura a kan LNB, naɗe da salatif mai kyau, ka bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga ɗaki, yadda ruwa zai ɗiga a waje.

Masu haɗa waya biyu da murɗawa su naɗe da leda, wannan shi ke cinye sigina. Akwai ɗan ƙarfen haɗi da ake sayarwa a shagunan kayan wuta a Funtuwa da Malumfashi, ba shi da tsada. In da hali ma a sa waya guda ba gaɓa.

Kwano da abin da ke gabansa

A yankinmu taurarin suna can sama sosai. Eutelsat 16A, wanda Arewa24 ke kai kyauta, yana digiri 16 gabas, daga nan Ƙanƙara kuwa yana kudu maso gabas, sama da digiri 70 daga ƙasa. Na DStv yana digiri 36 gabas, masu kamo tashoshin Larabawa na Nilesat kuma yamma suke fuskanta. Shi ya sa za ka ga gida ɗaya da kwano biyu, kowanne da alƙiblarsa. Kuma irin kwanon da muke amfani da shi yana kallon sama fiye da yadda fuskarsa ke nunawa, don haka reshen bedi ko mangwaron da ke samansa na iya tare shi ko da gabansa a buɗe yake. Bishiyar da ba ta dame ka ba bara, bana ta ƙara tsawo. Idan hoto yana karyewa duk lokacin da iska ke kaɗawa, ɗaga kai ka duba rassa.

Iskar farkon damina, wajen Mayu da Yuni, ita ce babbar mai juya kwano. Gocewar da ido ba zai gani ba ta isa ta ɗauke hoto. Wanda aka kafa a katangar ƙasa ya fi saurin saki, domin ruwa na jiƙa ta ƙusoshi su yi lako-lako. Ya fi kyau a kafa ƙarfe a ƙasa a zuba siminti, a inda yara ba sa wasan ƙwallo kuma ba a ɗaure dabba. Kada a yi shanya a hannun LNB.

Ga dabarar da ta fi yi min amfani: ranar da hoto yake da kyau, sa fenti ko ƙusa ka yi alama a kan ƙarfen, inda kwano ya tsaya ta gefe da ta sama, har da yadda LNB ya karkata a mazauninsa. Ranar da iska ta juya shi, mayar da shi kan alama kawai za ka yi.

Idan babu alama, ku zama ku biyu, ɗaya a wajen kwano, ɗaya yana kallon layin inganci. Kafin ka kwance komai, tsaya a bayan kwanon ka ɗan danna gefensa a hankali, dama, hagu, sama, ƙasa. Inda lamba ta ƙaru, can ya kamata ya koma. Sassauta noti kaɗan, matsa shi kamar kaurin tsinke, ka jira daƙiƙa biyar, domin risiba ba ta amsawa nan take. Masu juya kwano kamar suna tuƙa tuwo suna wuce tauraron ba su sani ba. Idan ka samu, ɗaure notunan bi da bi kana kallon lamba.

Abin da ba gyara yake so ba

Idan hadari ya haɗu ko ana ruwa mai ƙarfi, hoto zai ɗauke, domin ruwa yana shanye irin wannan sigina. Yana wucewa za ta dawo. Wani lokacin ma kafin ruwan ya iso gari take tafiya, saboda hadarin ya riga ya shiga tsakaninka da tauraron. Kwano mai faɗin santimita 90 ya fi na 60 juriya, amma shi ma yana da iyaka. Haka kuma wajen Maris da ƙarshen Satumba, akwai 'yan kwanakin da rana ke bi ta bayan tauraron, hoto ya ɗauke na 'yan mintoci da rana tsaka ya dawo da kansa. Duk wannan ba a taɓa komai.

Idan ana tsawa kuwa, kashe komai, zare filogi, zare wayar dish daga bayan risiba tun hadari bai iso ba. Babu shirin da ya kai ran mutum, kuma za a maimaita.

Masu eriya ta sanda, ku sani ita daga ƙarfen tashar da ke ƙasa take kamowa, kuma mu muna nesa da Katsina da Kaduna da Kano. Ƙara tsawon gora da juya ta saitin garin da tashar take yana taimakawa, amma kafin ka sayi dikodar eriya, tambayi wanda ke amfani da irinta a unguwarku. Wadda ta yi aiki a gidan ɗan uwanka a Kano ba lallai ta kama a Yankara ba. Kuma a nisanta sandar daga wayar wutar lantarki, ko da an daɗe ba a kawo wuta ba.

Lokacin da za ka kira mai gyara

Ba cewa nake a daina kiran masu gyara ba, sana'arsu ce, kuma akwai masu amana da yawa a cikinsu. Idan risiba tana warin ƙuna, ko ba ta kawo fitila ko da an canza adafta, ko talabijin ce da kanta ta ƙi tashi, kai musu. Kada ka buɗe bayan talabijin, musamman tsohuwa mai ƙusumbi, tana riƙe wuta ko bayan an kashe. Idan kwano yana kan rufi mai tsawo, ko kwanon rufin a jiƙe yake, bar wa mai kayan aiki.

Amma ka kira shi da bayani a hannu: ƙarfi kaza ne, inganci kaza, tashoshi kaza ne suka tafi, na duba waya. Da haka zai san abin da zai riƙo, ba sai ya yi sawu biyu ba, a hanyoyin da kowa ya san ba a son yawan bin su da yamma. Idan ya ce risiba ce ko LNB, ce masa, "Malam, mu gwada a gidan maƙwabci tukuna." Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Kuma duk abin da aka canza, karɓi tsohon ka ajiye.

Ni yanzu akwai wata 'yar leda a bayan talabijin ɗinmu: LNB guda sabo, bakin waya huɗu, salatif, sifana mai lamba 10, da takardar da na rubuta lambobin ƙarfi da inganci na ranar da komai yake lafiya. Sau biyu ke nan tana fitar da mu a daren Labarina.

Wanda ya gamu da wata matsalar da ban ambata ba, ya faɗa mana irin risibarsa da abin da take rubutawa, mu taru mu duba. Allah ya ba mu zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya, amin.